Wasan Bebe a Rugar Doguwa

Har yau ranar da muka yi lamba a wata ruga bayan Doguwa ba ta fita daga raina ba. A shekarun 1950 ne, ina ƙaramin malamin lamba. Lamba ita ce rigakafin agana: a ɗan karci damtsen mutum a shafa magani. Ƙa'idar aikinmu kuwa, ba a taɓa kowa sai an yi masa bayani ya yarda.

Da bazara agana ta ɓulla a wajen Tudun Wada, aka tura ni da abokin aikina Malam Garba. Tafintanmu zazzaɓi ya kwantar da shi a hanya. Muka isa rugar maza sun tafi kiwo, sai mata da yara, ba mai jin Hausa sosai, mu kuma Fulatancinmu bai wuce gaisuwa ba. Suna ganin akwatinmu suka janye 'ya'yansu cikin bukkoki. Wata tsohuwa ta tare mu da sanda.

Na ce, "Malam Garba, mu koma mu zo da tafinta."

Ya ce, "Kafin mu dawo sun tashi. Ba ka ga an fara ɗaure kaya ba? Kai dai miƙo mini allura, ka bi ni."

Na miƙa. Ya girgiza kai kamar mai ƙin lamba, ya ture hannuna, ya tafi yana taƙama. Can sai ya dafe kai, ya kama rawar ɗari, ya lakato toka a murhu ya ɗiɗɗiga a fuska kamar ƙurajen agana, ya faɗi ya lulluɓe da mayafi kamar gawa. Sannan ya miƙe, ya goge fuska, ya dawo ya ba ni damtse. Na yi masa lamba ta gaske, ya saɓa sanda a wuya kamar makiyayi yana murmushi.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonmu. Sai ta nuna tabon agana a kumatunta, ta gwada tsayin yaro da hannu, ta nuna ƙasa. Muka gane ta taɓa binne ɗa. Ta shiga bukka ta fito da jikarta. Kafin la'asar ba wanda ya rage ba a yi masa lamba ba.

A Tudun Wada shugabanmu, Malam Isa, ya tambayi yadda muka yi ba tafinta. Malam Garba ya ce, "Ranka ya daɗe, wasan bebe muka yi."

Wani dattijon malamin allo da ke zaune a zauren Malam Isa ya ce, "Bebe ai magana ce ba ta fita, ku kuwa ajiye ta kuka yi. Wannan ishara ce. Larabci ne, mu nuni muke cewa. Ita kuma faɗuwar da ka yi kwaikwayo ne, tunda maras lafiya ka kwaikwaya."

Malam Garba ya ce, "Allah gafarta Malam, to me za mu kira abin da tsohuwar ta yi?"

Dattijon ya ce, "Wannan ba wasa ba ne. Labarinta ta ba ku."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan: mutum ba ya ba ka hannun ɗansa don ka iya magana, sai ya ga ka san abin da yake tsoro.