Launin Rim ɗin Malam

Wane launi Malam ya zaɓa? Har yau ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Mijina direban haya ne, Gombe zuwa Kwadon. Ban yi boko ba, ban iya karanta lambar mota ba, motocin tasharsu kuwa duk fenti ɗaya ne. Da rim nake gane tasa, ƙarfen nan na tsakiyar taya. Shuɗi ne tun da ya saye ta. Ko daga bakin layinmu a Bagadaza na hango shuɗin nan, sai in ɗora ruwan wanka.

Lokacin da ake ta tayar da bam a gari, fentin ya ɓare, tsatsa ta fito. Ran nan da safe ya ce zai kai ta wurin wani Ibo mai fenti a gefen tasharsu, ya tambaye ni launin da nake so.

Na ce, "Malam, a mayar da shuɗin."

Ya ce, "Haba Innar yara, ba ki gajiya? Ja fa?"

"Ja sai ka ce motar kashe gobara?"

"To baƙi, irin na samari."

"Da furfurarka? Sojojin shinge su yi ta sauke ka."

Ya yi dariya har da tari.

Bayan la'asar muka ji ƙarar, kwanukana suka zubo. Na fita ba takalmi. Da aka bar mu muka shiga tashar, wani ma'aikaci ya ce, "Mama, mece ce lambar motarsa?" Na ce ban sani ba. "To wace alama?" Na buɗe baki, sai na tuna ban san launin ba. Na bi motocin ina sunkuyawa. Wuta ta cinye tayoyin, ta cinye fentin, kowane rim ya koma toka-toka. Na zauna a ƙasa.

'Yan uwansa direbobi ne suka gane gawarsa. Mai fentin ma a wurin ya mutu, Allah sarki. Har yau kuka nake yi.

Da safen nan, da ya gaji da gardamata, ya ɗauki makulli, ya juyo daga bakin zaure ya ce, "Bar ni in zaɓa da kaina. In kin ji oda, ki fito ki gani."