Mutuwar da Aka Rubuta wa Malam

Ni ban yi karatu ba. Matar ɗana ce ke rubuta wannan, ina faɗi tana sawa a takarda, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Ɗana yana koyarwa a nan Dutsin-Ma. Bayan na fita takabar ubansa, ya rubuta littafi a kan shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Wurma. Ya sauya sunaye, amma duk wanda ya san mu ya gane tsohon cikin labarin Malam ne, mijina, har ɗingishinsa bai bari ba. A littafin tsohon ya ƙi gudu. Ya tsaya bakin rumbunsa da gatari har aka harbe shi.

Malam bai tsaya ba. Shi ya fara ɗaure kaya a unguwarmu. Ya ɗora ni a amalanke har Kurfi, daga nan muka shiga mota. Da damina ta faɗi, sai ya riƙa zama ƙofar gidan ɗanmu yana wasa fartanya, ba gonar da zai kai ta. Ya bar tuwo, sai kunu. A kan tabarma ya cika, kansa bisa cinyata, yana tambaya ko an yi shuka a gida.

A wani gidan suna, wata 'yar garinmu da aka karanta wa littafin ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ashe haka Malam ya yi shahada? Kai, namiji!" Matar nan fa tana tsakar gidanmu aka fita da makara.

Da na koma na kira ɗana. Na ce, "Kai, me ubanka ya yi maka ka ba shi mutuwar da ba tasa ba?"

Ya ce, "Inna, ƙagaggen labari ne. Kuma an yi wa wasu haka, kin sani."

"Na sani. Su ma ai suna da matansu."

Ya sunkuyar da kai, ya ce an riga an buga.

Na gaji. Wani lokaci ina cikin yi wa Malam addu'a sai in gan shi tsaye da gatarin, ni da na rufe masa ido da hannuna. Na roƙi ɗana kada a ƙara karanta littafin inda nake. Wannan kaɗai ya iya yi mini.