Katakon Zamiyar Zouera

Ranar zaman makokin Zouera matan unguwarmu ta Manfuha a nan Riyadh suka cika min falo. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Allah ya jiƙanta, baiwar Allah mai sanyi, ko muryarta ba a ji." Na yi ta cizon leɓe. Zouerar da in ta rangaɗa guɗa a bene na uku sai mai shagon ƙasa ya leƙo? Haka muke yi wa mamaci, mu goge halinsa tas mu yafa masa haƙuri. Ni dai ba wannan matar na sani ba.

'Yar Damagaram ce. Mijinta Talle direba ne a gidan wasu Larabawa, ita kuma tana yi musu raino. Ɗakinsu na jikin nawa, ni Hansai mai tuwon sayarwa. Wata shekara masu gidan suka tafi da ita duwatsun Lebanon lokacin sanyi. Can ta ga mutane na ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. An ce ta tsare yara kada su faɗi, sai ta ari na babbar 'yar gidan, ta yi ta faɗuwa tana tashi har ta iya. Ta dawo da leɓe a tsage, da katakon da madam ta bar mata, da magana ɗaya da ta ishe mu da ita.

"Yaya Hansai, wallahi in kina gangarowa babu zancen takardar iƙama, babu kafil mai riƙe da fasfonki, babu mai ƙwala miki kira. Daga ke sai iska."

"To, ci iskar ki ƙoshi," na ce mata. "Ni miƙo min muciya."

Riyadh babu ƙanƙara sai ta firij, amma akwai tudun yashi a Thumama. Duk Juma'ar da Talle ya samu mota sai mu ɗunguma can. Zouera ta goga wa katakon kyandir, ta ɗaure abaya a ƙugu, ta haye tudu tana haki, sannan ta sulalo da guɗa tun daga sama har ƙasa. Mata sun yi gulmarta har sun gaji, wai matar aure guda, uwar 'ya. Talle dai yana gefe yana dafa shayi, kansa a sunkuye yana murmushi. 'Yarsu Balkissa kuwa kullum tana gindin tudu tana tsalle, uwar na ce mata, "Bari ƙafarki ta isa, habibti, tare za mu sauko."

A 2017 haihuwa ta biyu ta zo da gardama, ta tafi ita da jaririn. Maza suka kai ta. A nan mata ba sa zuwa maƙabarta, kabari kuma ba a sa masa suna, don haka har yau ban san inda take kwance ba. Ina kewarta ƙwarai.

Balkissa, 'yar shekara shida, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙara magana ba. Sai ta zauna bayan ƙofa tana kallon bango. Mata suka ce ta gaji haƙurin uwarta, ni kuwa na san ciwo ne ke cin yarinyar. Talle ba zai iya tuƙi da raino ba, ya yanke zai tura ta Damagaram wurin kakarta. Tsorona kada ta tafi a haka, bakinta a kulle, ta girma ana ba ta labarin wata shiru-shiru wai ita ce uwarta.

A al'adarmu akan yi maza a rabar da kayan mamaci, kada maraya ya riƙa gani. Ina kasuwar Aziziya sayen kayan miya aka yi rabon. Katakon ya rasa mai so, aka miƙa wa Lado kafinta. Na same shi ya riga ya datse su gida biyu zai yi abin jera takalma.

"Lado, kanka ɗaya kuwa? Duk katakon Riyadh ka rasa na yankawa sai wannan?"

"Hajiya, wallahi ce min aka yi shara ce."

Na wanke shi tas da faɗa, har mai shago ya fito ba ni haƙuri. Lado ya tsaya yana jujjuya guntayen, masu ɗagaggen hancin nan. Can ya ce, "Ina yarinyar? Kawo min takalminta."

Ya yanko robar taya ya kafa musu maɗauri. Tsawonsu daidai Balkissa, daidai kuma akwatinta.

Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarta muka je Thumama. Na goga kyandir yadda na ga ana yi. Talle ya hau da ita rabin tudu, ya ɗaura mata, ni na tsaya ƙasa inda ta saba tsayawa. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

"Yalla, Balkissa," in ji uban.

Ta sulalo, hannuwa a buɗe, tana tangaɗi. Kusan rabin hanya sai na ji guɗa, siririya, irin ta Zouera sak, har da 'yar karyewar nan ta ƙarshe. Babu wanda ya koya mata. Ta faɗo jikina muka zube tare, bakinta duk yashi, guɗar ta koma kuka.

"Khala Hansai," ta ce tana sheshsheƙa, "Mama ta ce tare za mu sauko."

Na riƙe ta, na bar ta ta yi kukanta.