Safar Hannu ta Biyu

Shekaru na yi ina jifa a wasan sofbol, har na sa rigar ƙasa, amma a Doguwa ba wanda ya taɓa ganina a fili. In aka tambayi Inna, mahaifiyata, aikina, sai ta ce, "Jifa take yi a birni." Ban taɓa gyara mata ba, don gaskiya ta faɗa. Ni ce mai tsayawa a tsakiya in wulwula hannu in saki ƙwallo ta gefen kugu, mai sanda tana neman ta doke ta, wata kuma na tsugune a bayanta tana cafewa.

Jifa ba ya yiwuwa sai da mai cafewa. A sansanin horo ina da ita. A gida kuwa, in an ba mu hutu, sai buhun ƙaiƙayi da nake ratayewa a ɗorawar bayan gidanmu. In jefa, in taka in ɗauko, in dawo. Mata masu zuwa rafi su tsaya su kalle ni, su wuce suna ƙus-ƙus. Ƙawayena na firamare duk suna ɗakunansu da goyo. In mun haɗu, daga gaisuwa sai shiru. Kaɗaicin da na sha a garin da aka yanke cibiyata ban sha shi a garuruwan da ban san kowa ba.

Wata damina, saura sati biyu a zaɓi 'yan wasa, na nemi safar hannuna ta fata na rasa. A hannun hagu ake sa ta don tare ƙwallo, kuma na daɗe ina shafa mata mai har ta yi laushi ta saba da ni. Na birkice ɗaki kaf. Inna tana tsintar shinkafa, ta ce in kwantar da hankalina. Ranar kasuwar Tudun Wada da la'asar sai ga ta da ƙunshi a leda: safata, da wata sabuwa jawur ta hannun dama, ɗinkin baduku.

"Na ga ɗaya ta ɓace miki kin ƙi faɗa," in ji ta. "Ba za ki shiga cikin 'ya'yan mutane da wari ɗaya ba."

Ni kuwa dama zuciyata a kusa take. Na ce, "Haba Inna! Ɗaya ake sawa! Da wane hannu zan yi jifan? Kwana uku ina nema kamar mahaukaciya, ashe kina kallona!"

Ta ɗauki sabuwar ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi ina jifan buhuna sai na ji tafiya. Inna ce, ta ci ɗamara da mayafi, safar a hannunta na dama. Ta tsaya a gaban buhun.

"Tunda ba kya so, ni zan sa. Jefo mu gani."

Jifana yana karya yatsa, na sani. Na matso kusa, na jefa a hankali, irin wanda in koci ya gani sai ya kore ni. Ta runtse ido, ta cafe. Ta yi dariya har da tafa cinya, ta gangaro min da ƙwallon a ƙasa. Haka muka yi ta yi har aka kira azahar, kuma ban taɓa jin daɗin atisaye kamar na ranar ba.

Ban ba ta haƙuri ba. Nauyin baki ya hana ni, na ce sai na dawo. Aka zaɓe ni. Ina can aka bugo waya cewa zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin motarmu ta iso Doguwa an kai ta makwancinta.

Yanzu ciwon kafaɗa ya ajiye ni, na dawo gida. Safar duka biyun suna rataye a ƙusa ɗaya, kamar yadda ta so. Wani lokaci da hantsi nakan sauko da tawa in je gindin ɗorawa. In jefa a hankali, in ɗan jira, sannan in taka in ɗauko.