Takardar da Yohanna Ya Roƙe Ni

Yau shekara uku ke nan da rasuwar Yohanna, kuma sai yanzu na iya zama in yi rubutu a kansa.

Shekara biyu muka yi a ɗaki ɗaya a unguwar Ainu Shams, can ƙasar Larabawa inda muka je karatu. Ni Bazazzagi ne mai karatun Larabci, shi kuma Kirista daga kudancin Kaduna, yana karanta likitancin dabbobi. A gidansu ya tashi ya tarar ana kiwon alade, da shi aka yi masa makaranta, bai kuma taɓa ɓoye mini ba.

Tashar jirgin ƙasa ɗaya ce tsakaninmu da Izbatun Nakhal, unguwar Kiristoci masu kwasar shara, waɗanda ke ciyar da aladu da ragowar abinci. Shekarun baya an yanka musu dabbobinsu saboda tsoron murar aladu, lokacin da muke magana kuwa sun soma farfaɗowa da 'yan tsirarun da suka tsira. Kowace Juma'a Yohanna yana can. Ya koya musu tafasa ragowar abinci kafin a ba dabba, da ware marar lafiya, da kafa katako a gefen ɗakin haihuwa don kada uwa ta danne 'ya'yanta. Idan ya dawo, a waje yake wanke takalmansa ya canza kaya, saboda dardumata. Ban taɓa ce masa ya yi hakan ba.

Burinsa shi ne tsangayarsu ta riƙa tura ɗalibai can, horon ya ɗore ko bayan ya koma gida. Sai dai ana bukatar takarda da Larabci mai kyau, nasa kuwa na kasuwa ne.

"Malam Sani, kai ne mai nahawu," in ji shi. "Taimake ni da shafi ɗaya kawai."

"Ma'alish, yi haƙuri, bari in gama jarrabawa."

Ba jarrabawa ce ta hana ni ba. Tsoro nake ji kada 'yan uwana ɗalibai su ji cewa ni na rubuta takardar masu alade. Ba wanda ya ce in ci, ba wanda ya ce in taɓa. Sau uku ya tuna mini, daga nan bai sake tayar da maganar ba, fuskarsa kuma ba ta canza ba. Wata Juma'a da la'asar, yana dawowa daga can, mota ta buge shi.

A asibiti na haɗu da Ummu Mina, wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da kiwon nan ne abincinta. Tana kuka tana tambayata wa zai ci gaba da zuwa. Washegarin ranar da muka sa gawarsa a jirgi na rubuta takardar. Ko awa ɗaya ba ta ɗauke ni ba.

Wani malaminsa ya karɓa ya bi ta ofis-ofis, yanzu ɗalibai na zuwa a lokacin hutu. Nakan tambayi kaina me Yohanna zai ce da ya gani. Na tabbata zai yi murna, sannan ya yi mita, don wasu ɗaliban a bakin ƙofa suke tsayawa da farar riga suna toshe hanci. Amma Ummu Mina ta zama mai koyar da maƙwabtanta, kuma a unguwar har yau idan ana gardama kan dabba sai a ce haka Duktur Hanna ya ce, wato Yohanna. Cikakken sunansa ma ba su sani ba. Abin da ya bari ya fi abin da yawancinmu za mu koma gida da shi.

Bara na je ƙauyensu na yi wa mahaifiyarsa gaisuwa. Ta riƙe hannuna ta daɗe.

"Kai ne Sani? Ya ce min za ka rubuta masa takarda, jarrabawa ce ta tsare ka. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ta miƙo mini ruwa a kwano. Na karɓa, na kasa sha.