Na Hana Kwamfuta Sabunta Kanta, Ƙanwata Ta Rasa Konkur

A lokacin da abin nan ya faru ina da ɗan shagon intanet a Sabon Gari, kwamfuta uku da injin ɗaukar hoton takardu, kullum in taso daga Tsibiri a babur in buɗe. Ni mutum ne mai son a ce na iya, kuma a layinmu an sha faɗa mini haka har kaina ya kumbura. Wata rana manhajar da muke shiga intanet da ita ta sabunta kanta, abin da muke kira mizajur. Komai ya canza wuri, injin hoton ya daina aiki, mutane na tsaye a kaina ina ta zufa. Haushi ya kama ni. Na nemo tsohuwar na mayar, na bi duk hanyar da take sabunta kanta na toshe, har wasu abubuwa na goge don kada ta ƙara yi mini haka. Na bar ta a nan kusan shekara biyu. Duk sanda ta fito da gargaɗi sai in rufe ina dariya, in ce wa jama'a ni ke mulkin na'urata.

Ina da ƙanwa da ke aure a Jiratawa, mijinta na noman rani. Da goyo a baya ta ƙarasa karatu, ba ta da buri sai ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko. Aka buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar malamai, aka ce ta intanet za a tura dosiye, takardun neman shiga, kuma wannan ce damarta ta ƙarshe, don baɗi shekarunta sun wuce iyaka. Ta kira ni tun da sauran sati biyu. Na ce kada ta kai wa kowa, ga yayanta nan, aikin minti biyar ne, ta zo duk ranar da ta samu sarari. Ɗanta ya yi zazzaɓi, ba ta iso ba sai ranar ƙarshe bayan azahar, ƙarfe biyar kuma za a rufe.

Shafin ya buɗe, na cika suna da komai. Da na zo wurin ɗora takardu, sai rubutu ya fito cewa manhajata ta tsufa, ba za a karɓa ba sai na sabunta. Na yi maza na rufe kafin ta karanta, na ce mata rezo ne, layin intanet, ke wasa. Na koma kwamfuta ta biyu, na koma ta uku, duk ɗaya, don duk ni na ɗaure su da hannuna. Na nemi in kwance abin da na ƙulla, wallahi na manta abin da na goge. Na sa sabuwar ta fara sauka, tana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon ƙafa. Wajen ƙarfe uku ƙanwata ta ce, cikin ladabi, ko ta hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ta gwada wani shago wajen kasuwa. A nan na yi babban kuskurena. Na ji kunyar a ce na kasa aikin ƙanwata, sai na ɗaure fuska na ce matsalar ta gari duka ce, ta zauna kawai. Ta zauna, ta rungume ambulan ɗinta a ƙirji.

Na yi sallar la'asar ban san abin da na karanta ba. Ko wayata ban tuna in gwada ba, idona ya rufe. Biyar saura kwata sabuwar ta gama sauka, amma ta ƙi hawa, saboda shingen da na kafa yana nan. Ina ta danne-danne, ita tana kallon agogon bango. Biyar da minti ashirin na samu kanta. Shafin ya buɗe tsaf, ya ce an rufe karɓar dosiye.

Abin da ya fi cin raina shi ne godiya ta yi mini. Ta ce na yi iya ƙoƙarina, Allah ne bai nufa ba. Wata huɗu ina ɗauke da abin, sannan na je Jiratawa na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko a lokacin da ta ce za ta tafi wani shago na riga na san matsalar daga wurina take. Na ce mata e.

Har yau tana gaishe ni da girmamawa, amma ko takardar haihuwar ƴaƴanta wani wuri take kaiwa. Masu shago irin nawa, in dole ta sa ku tsayar da manhaja, ku rubuta yadda kuka yi, ku bar ko da na'ura ɗaya tana sabunta kanta. In kuma aiki ya gagare ku, ku faɗa tun mai shi na da lokacin zuwa wani wuri. Ƙanwata tana da awa biyu a hannu, ni na riƙe ta a kujera har suka ƙare.