Ɗan Mushe

Cikin shekarun da na yi ina wakiltar gidan rediyonmu a Jibiya, akwai rana ɗaya da ban taɓa mantawa da ita ba. Na daɗe ban ba kowa labarinta ba, saboda akwai laifina a ciki. Yanzu da dattijon da abin ya shafa ya rasu makonni uku da suka wuce, na ga ya kamata ku da kuka shigo aikin a bayanmu ku ji shi daga bakina.

Ga wanda bai san aikin ba, wakili shi ne mai zuwa inda abu ke faruwa da rikoda, ya ɗauki murya, ya tura wa edita a Katsina ta waya. Edita shi ke yanke abin da zai fita a labarai. A lokacin zaɓe akwai ƙa'ida: mintocin da aka ba ɗan takara ɗaya, su za a ba abokin karawarsa, kuma ba a sakin zargi sai an ji ta bakin wanda ake zargi. Mun san ƙa'idar. Ba kullum muke bin ta ba.

A shekarar, mutum biyu ne ke neman kujerar majalisar jiha da gaske. Ɗaya Alhaji Barau ne, mai manyan motocin dakon kaya, mutum mai kaushin murya da ba ya iya magana da 'yan jarida. Ɗayan kuma Sagir, jarumin fim, wanda ya tafi Kano tun yana ƙarami ya yi suna a can. In muka saka muryar Sagir, wayoyin tashar ba sa hutawa. In muka saka ta Barau, shiru. A hankali mintocin Sagir suka yi ta ƙaruwa, ba tare da wani ya ba da umarni ba. Ni ma zuciyata tana wajensa, don mahaifinsa ne ya koya mini karatun boko.

Mahaifin nan nasa ya yi shekaru yana koyarwa a makarantun tsallaken iyaka, wajen Maraɗi, kafin ya dawo gida Farfaru. A can malamin boko "mushe" ake ce masa, kalma ce da suka aro daga Faransanci. Sunan ya bi shi har gida, kowa Mushe Idi yake kiransa. A baki ba ta yi daidai da mushen dabba ba: ta dabba ana ɗaga murya a farko a sauke, ta malami kuwa a ƙasa ake farawa a ɗaga a ƙarshe. Amma a rubuce babu bambanci ko kaɗan.

Ranar da nake magana, dukkansu biyu sun shirya zuwa bakin iyaka gaida direbobi da masu dako. Barau ya riga Sagir isowa da hantsi. Ya hau bayan wata mota kusa da shingen kwastan yana jawabi, ni kuma ina ƙasa da rikoda. Wani direba ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, mi za ka ce kan ɗan fim?" Daidai lokacin sai ga jerin motocin Sagir da kiɗa. Jama'a suka juya, ni ma na kashe rikoda na juya. Ina tafiya na ji amsar Barau a bayana: "Wanga yaro ɗan Mushe ne. Ubansa ya riƙe hannuna ya koya mini rubutu. Bakina ba ya zaginsa." Kunnena ya ji, rikodata ba ta ji ba.

Bayan azahar editanmu Malam Tijjani ya kira ni. Bakano ne, ƙwararre, amma bai taɓa zama a bakin iyaka ba.

"Lawal, kana wurin aka yi wannan abu ba ka turo ba?"

"Wane abu, ranka ya daɗe?"

"Duba wayarka. Barau ya kira Sagir ɗan mushe a gaban jama'a. Shi ne kan labaranmu na ƙarfe huɗu."

Na duba. Masu kula da shafin Sagir na sada zumunta, 'yan Kano ne su ma, sun yanko daƙiƙu kaɗan na jawabin, ƙarar motoci ta cinye rabin muryar, sun rubuta kalmomin a ƙasa da manyan baƙaƙe. Dubban mutane sun riga sun gani. Na yi wa Malam Tijjani bayanin kalmar. Sai ya ce, "Malami ne mushe? Lawal, ko Barau ya ba ka shayi ne?" Wasa yake yi, amma ba duka ba. Ya ce in turo cikakken jawabin. Na ce ba ni da shi. Ya tambayi dalili, na faɗa masa gaskiya.

"To ka ga matsalar. Kowace tasha za ta ɗauka. Ka kawo mini murya kafin uku da rabi, in ba haka ba zan saka yadda yake."

Na kira Barau sau huɗu, wayarsa a kashe. Da na waiwaya wajen shingen, na ga matasa masu hular Sagir sun fara taruwa kusa da inda motocin Barau bakwai ke jere da kaya suna jiran takardu. Direbobin sun sauko sun tsaya a jikin motocinsu. Abin da ke yawo a waya mutane kan yi shakkarsa, amma a ƙauyukanmu in rediyo ta faɗa, an gama. Na san in labarin ya fita da ƙarfe huɗu, ba za a tsaya tambayar ma'anar kalma ba.

Na tari kabu-kabu zuwa Farfaru. Na sami Mushe Idi a zaure yana gyara igiyar guga, idonsa ya riga ya yi rauni. Da murya ya gane ni.

"Lawali, kai da rana tsaka haka? Lafiya?"

Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa abin da aka rubuta. Ya yi dariya har da tari.

"To ƙarya ya yi? In ba ɗan Mushe ba ne, ɗan wa ne? Barau kuwa ai kansa kamar dutse, wata uku muna kan baƙi ɗaya. Amma bai taɓa yi mini rashin kunya ba."

Na faɗa masa halin da ake ciki a bakin iyaka, na ce, "Mushe, in ka yarda ka maimaita a rikoda." Ya yarda, ya faɗa a natse, ya bayyana inda sunan ya samo asali. Da ya gama ya ce in kira masa Sagir. Sai a kira na uku wani ya ɗauka ya miƙa masa.

"Baba, wallahi yarana ne suka saka, ban ma duba da kyau ba."

"Ka duba yanzu. Mutanen Kano ba su san sunana ba, kai ma ba ka sani ba? Da sunan nan aka saya maka takalmin makaranta. Mutum ya girmama ubanka, ka bari a ƙona masa mota?"

Sagir ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Yanzu za a cire."

A Farfaru sai an hau tudun bayan gari ake samun layin tura murya. Na tura saura minti goma lokacin ya cika. Malam Tijjani ya kira, ya ce, "Na ji. Yau na koyi Hausa a hannun Faransawa." Da ƙarfe huɗu labarin ya fita da muryar dattijon, sannan saƙon Sagir na janye abin da aka saka. Ina komawa bakin iyaka na tarar matasan sun watse, wasu suna shan rake a inuwar motocin da suka zo dominsu. Na zauna a kan wani buhu. Ban san na tsorata haka ba sai da abin ya wuce.

Washegari Malam Tijjani ya sa aka lissafa mintocin da muka ba kowane ɗan takara tun farkon kamfe. Bai karanta mana sakamakon ba, ya dai liƙa takardar a ƙofar ɗakin labarai. Daga ranar aka daidaita. Sagir ne ya ci zaɓen, kuma da ƙuri'a ya ci, ba da wannan ƙarya ba. Barau bai taɓa yi mini godiya ba, ban kuma cancanci godiyar ba, don da ban kashe rikoda ba da babu abin da zai kai mu nan.

Abin da na koya shi ne rashin adalci a aikinmu ba sai an saye ka ba. Ya isa kawai mai suna ya iso ka juya masa, ka bar wani da rabin magana a baki. Tun ranar ba na kashe rikoda sai mutum ya kai ƙarshen jimlarsa, ko wa ya shigo.

Ranar jana'izar Mushe Idi, Barau da Sagir sahu ɗaya suka tsaya. Da aka kawo sanarwar rasuwar tasharmu, na ga an miƙa wa wata sabuwar mai karanta labarai da ba ta san shi ba. Na roƙi a bar ni in karanta da kaina, ko da yake ba aikina ba ne. Na faɗi sunansa daidai. Allah ya jiƙan Mushe.